Baba Imre da Wutar da Ba A Kashewa

A ƙarshen shekarar 2008, aikina shi ne in duba lafiyar gilashin da na san za a farfasa shi kafin tsakar rana.

Na gama jami'a a fannin sinadarai, na dawo garinmu Delling da ke arewacin Ohio, aka ɗauke ni a ɗakin gwaji na masana'antar da mahaifina ya yi wa aiki har ya rasu. Gilashin mota muke yi. Wata biyar da fara aikina, kamfanonin mota na Detroit suka daina saye a hannunmu, don su ma mutane sun daina saye a hannunsu. Rumbunan ajiya suka cika har bakin ƙofa. Na ɗauka za a tsayar da aiki, amma ba a tsayar ba. Gilashi ya ci gaba da fitowa daga tanderu a shimfiɗe kamar kogi, ya bi ta kan narkakkiyar kuza ya yi sumul, ya huce, ya isa ƙarshen layi inda a da ake yanka shi a loda a mota. Yanzu injin farfasawa aka girke a wurin. Gilashi ya faɗa ciki ya ragargaje, a kwashe gutsattsarin a mayar tanderu, ya narke ya sake fitowa. Haka dare, haka rana.

Abin ya ɗaure mini kai, amma ni ba mai yawan tambaya ba ce. A jami'a ma kujerar baya nake zama. Sai na ci gaba da yanko ɗan gilashina kowace safiya, in haska shi, in ƙirga ƙwayoyin iskar da suka maƙale a ciki, in rubuta a takarda in aika wa mai kula da tanderu.

Mai kula da tanderun shi ne Imre Balog. Baba Imre nake ce masa, don abokin mahaifina Kubiak ne. Gajere ne kakkaura, shekararsa hamsin da bakwai, talatin da takwas daga ciki a gaban wuta ya yi su. Girarsa ta ƙone tun kafin a haife ni, ba ta sake tsirowa da kyau ba. A wuyansa kullum akwai wani ɗan gilashi shuɗi a jikin igiyar takalmi, da shi yake kare ido idan zai leƙa cikin tanderu ta 'yar kafa. Akwai na'urori cike da ɗaki masu faɗin zafin wutar, yana duba su, amma sai ya leƙa da kansa yake yarda.

Wata safiya ya shigo ɗakin gwaji da takardata a hannu.

"'Yar Kubiak, kin rubuta ƙwayar iska uku. Huɗu ne. Akwai ɗaya a gefe."

Na ce a hankali, "Baba, ai fasa shi za a yi."

"Ke ma wata rana binne ki za a yi, amma na ga kin yi wanka yau."

Na sunkuyar da kai na gyara. Da na ga bai fita ba, sai na yi ta maza na tambaye shi abin da ke cina: me ya sa ba za a kashe wutar ba har kasuwa ta dawo?

Ya dube ni kamar na ce a kashe rana. Sannan ya ce in ɗauki hular kwano in biyo shi.

Tanderun sunanta Rozi. A masana'antarmu sunan mace ake sa wa tanderu, wannan kuwa sunan wata tsohuwa ta ci, wadda ta yi shekara talatin tana dafa wa ma'aikata abinci. Girmanta ya kai na ƙaramin coci. Ya miƙo mini gilashinsa shuɗi na leƙa. Ban ga harshen wuta yadda na zata ba, wani farin haske na gani yana kwance a kan tafkin narkakken yashi.

"Shekara goma sha ɗaya ke nan ba ta huta ko na minti ɗaya ba," in ji shi, yana ɗaga murya saboda rugugi. "Wannan ba murhun girki ba ce. Tubalin jikinta da zafi ya saba, zafi ne ke riƙe da shi. Ranar da ta huce, rufin ya tsattsage, abin da ya rage a cikinta ya zama dutse, sai da guduma. In an kashe ta, sabuwa za a gina. Kina jin akwai wanda zai gina sabuwa a Delling a wannan shekarar?"

Ba na jin akwai.

"To shi ya sa muke ba ta abincinta tana amayarwa muna sake ba ta. Kuma tunda ana yi, a yi daidai. Hannun da ya saba da aikin banza ba ya dawowa."

Mako biyu bayan haka aka manna sanarwa daga hedikwata a ƙofar ɗakin cin abinci. A lokacin shugabannin kamfanonin mota suna Washington suna neman rancen gaggawa daga gwamnati, suna cewa idan suka durƙushe za su ja dubban ƙananan masana'antu irin tamu su faɗi tare. Sanarwar ta ce idan ranar ƙarshe ta Disamba ta yi ba su samu ba, za a tsiyaye Rozi a bar ta ta huce.

Mu ɗari huɗu da goma sha biyu ne a masana'antar. Ƙungiyar ƙwadago ta rubuta takardar koke zuwa majalisa, aka ce kowa ya sa hannu. Wanda ya yi ta yawo da ita shi ne Alonzo Pettiford, direban motar ɗaukar kaya kuma wakilin ƙungiya, dogo mai dariya kamar aradu. Shekara talatin shi da Baba Imre tebur ɗaya suke cin abinci. Alonzo ya cinye naɗin kabejin da matar Baba Imre ta dafa, Baba Imre ya cinye kek ɗin dankalin da matar Alonzo ta gasa, kowa yana kushe abin da yake ci. A kwana uku Alonzo ya tara hannu ɗari huɗu da goma sha ɗaya.

Ina teburin da ke bayansu ranar da ya ajiye takardar a gefen kwanon Baba Imre.

"Tsoho, ga biro. Ko karatun ne ya ɓace?"

"Ɗauke mini ita, za ta sha miya."

"Kai kaɗai ka rage. Mai shara ya sa, manaja ya sa, har wannan yarinyar da ba a taɓa jin muryarta ba ta sa."

"Allah ya ba su lada. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau gwamnati ta ba su kuɗi, gobe ita za ta faɗa musu irin motar da za su ƙera, jibi ta faɗa mini zafin da zan ba Rozi."

"Jibi babu Rozi, mutumin Hangari! Ka fi kowa son tukunyar nan, ka fi son ta a kan matarka Dolores, duk gari ya sani. Yanzu an zo ceton ta kana mana wa'azi?"

"Ci kabejinka."

"Ba zan ci ba."

Ya kuwa ture kwanon ya tashi. Waɗanda suka daɗe a wurin sun ce ba su taɓa ganin Alonzo ya bar abinci ba. Daga ranar mutane suka rage gaishe da Baba Imre. Wani ya rubuta 412 da alli a jikin akwatin kayansa. Bai goge ba.

Ni dai mamaki ne ya ishe ni. Mutumin da ke ƙirga ƙwayar iska a gilashin da za a fasa, me zai hana shi rubuta sunansa a layi ɗaya?

Ranar Litinin, lokacin hutun rana, ya shigo ɗakin gwaji ya rufe ƙofa. Ya ciro takardu huɗu daga aljihu, rubuce da fensir, har da zanen tanderu da kibiyoyi.

"Ke kin yi boko, kuma ba ki da surutu. Buga mini wannan a na'ura. Ofishin sanatanmu za a aika."

Na karanta. Ya bayyana yadda ake gina tanderu, da kwanakin da ake ɗauka ana ɗumama ta a hankali kafin ta karɓi yashi, da abin da sanyi ke yi wa tubali. Ya faɗi yawan mutanen da suka iya wannan aiki a jihar, ya ce yawancinsu sun yi furfura. Ya rufe da cewa yana ganin mutanen Washington sun ɗauka masana'anta kamar fitilar ɗaki ce, a kashe da dare a kunna da safe, shi ya sa ya ga ya dace wani ya faɗa musu.

Na juya shafi na ƙarshe, na sake juyawa. "Baba, ba ka roƙi komai ba."

"Ban roƙa ba. Labari na ba su. Abin da suka yi da shi ruwansu."

"To mene ne bambancinta da takardar Alonzo?"

Na yi mamakin kaina da tambayar ta fito. Shi ma ya yi. Ya jawo kujera ya zauna, yana murza gilashin wuyansa.

Ya ce mahaifinsa ma mai gilashi ne, a Hangari, a wata masana'anta da gwamnati ta karɓe bayan yaƙi. Wata rana aka kawo takarda, aka ce shugaban ma'aikatansu yana yi wa aiki zagon ƙasa, kowa ya sa hannu. Mutumin shi ya koya wa mahaifinsa sana'a. Kowa ya sa, mahaifinsa ma ya sa, don yana da mata da jariri. Aka tafi da mutumin, ba a sake ganin sa ba. A 1956 mahaifin ya goya Imre, yana ɗan shekara biyar, suka tsallaka iyaka da ƙafa.

"Bai bar mini gida ba, bai bar mini gona ba. Magana ɗaya ya bar mini, kuma ya maimaita ta a gadon asibiti. Ya ce, Imre, duk takardar da aka ce kowa da kowa sai ya sa hannu, kada ka sa, ko da sunan Allah ne a samanta."

Na ce, "Amma wannan ba ta cutar da kowa."

"Na sani. Ita ma waccan haka aka ce musu." Ya miƙe. "Kada ki gyara mini magana, kuskuren rubutu kawai."

Na buga, ya sa hannunsa shi kaɗai a ƙasa, na kai gidan waya.

Bayan kwana goma majalisar dattawa ta watse ba ta amince da rancen ba. Washegari manaja, Mista Haskins, ya kira Baba Imre ofis. A duk masana'antar shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka tsiyaye tsohuwar tanderu kafin a gina Rozi, don haka shi aka ce ya tsara yadda za a kashe ta. Na zaci zai ƙi. Bai ƙi ba. Ya zana inda za a huda, ya sa aka gyara kwatamin ruwan da narkakken gilashi zai zuba, ya rubuta sunan wanda zai tsaya a kowane wuri, ya sa aka gwada komai sau biyu.

Sannan ya je ɗakin ajiya ya ɗauko fitilar.

Tsohuwar fitilar ƙwai ce, ta ma'aikatan jirgin ƙasa. A al'adar masana'antarmu ba a kunna sabuwar tanderu da ashana. Kafin a kashe tsohuwa sai a ɗebi wutarta a wannan fitila, a riƙe ta har a gama gina sabuwa, a kunna da ita. Tsofaffi suna cewa wutar da ke cikin Rozi ita ce dai wadda aka hura a zamanin kakanninmu. Baba Imre ya zura dogon ƙarfe mai tsumma a kai ta kafar leƙe, ya fito da shi yana ci, ya kunna lagwani.

Alonzo na tsaye a kan motarsa yana kallo. Mako uku ke nan bai yi masa magana ba.

"Wace sabuwar tanderu za ka kunna da ita, tsoho?"

"Ban sani ba."

"To ina za ka kai ta?"

"Gida."

Alonzo ya ce, "Rufe ta da kwali, akwai iska a waje. Kai ko riƙon fitila ba ka iya ba."

Ranar Lahadi bayan coci matar Baba Imre, Anti Dolores, ta kira ni cin abinci, kamar yadda takan yi tun rasuwar mahaifina. Na tarar an fitar da motarsu waje, dusar ƙanƙara ta rufe ta, fitila kuma tana tsakiyar gareji a kan bulo, cikin bahon yashi.

"Kin ga kishin da nake sha?" in ji ta, tana zuba mini kaza da jan barkono. "Mota a waje, fitila a ɗaki. Sau uku a rana yake zuwa duba ta. Ni da na yi mura a bara sau ɗaya ya leƙo. Labulena duk warin kananzir."

"Ke ai ba kya mutuwa in iska ta kaɗa," in ji shi.

"Ka gwada ni ka gani."

Ranar Juma'a da safe, saura kwana shida Kirsimeti, muna ɗakin cin abinci aka katse shirin talabijin. Gwamnati ta ce za ta ba kamfanonin motar rance daga wata ma'ajiya ta daban, da sharuɗɗa masu tsauri, su kai bazara. Ɗakin ya kaure. Wata mata ta fashe da kuka a kan kofinta. Alonzo ya ɗaga Mista Haskins sama kamar buhu. Kafin a tashi aiki hedikwata ta aiko cewa an ɗage kashe Rozi.

Baba Imre bai tashi daga kujerarsa ba. Alonzo ya zo ya zauna a gabansa, ya jawo kwanon kabeji ya fara ci.

"To, gwamnati ta ceci matarka ta biyu. Ka ce an gode."

"Ɗagewa aka yi. Ka iya karatu, ka ce."

"Hannu ɗari huɗu da goma sha ɗaya ne suka yi aiki."

"Wataƙila. Wataƙila kuma wani ya karanta ya gane yadda tanderu take."

Alonzo ya tsaya da tauna. "Wa ya karanta me?"

Baba Imre ya waiwayo ya dube ni. Na dubi kofina.

Fitilar ba ta bar gareji ba, kuma ya yi gaskiya da bai yi saurin murna ba. Rancen bai sa kowa ya sayi mota ba. A watan Fabrairu aka sallami mutum ɗari da arba'in, daga sababbi aka fara, don haka ina ciki. Da bazara biyu daga cikin manyan kamfanonin motar suka shiga kotun fatara, gwamnati ta ƙara zuba kuɗi ta zama mai kaso a cikinsu, abin da Baba Imre ya yi ta faɗa tun farko. Rozi ta ci gaba da cin gilashinta tana amayarwa.

A watan Maris amsar wasiƙarsa ta zo. Anti Dolores ce ta nuna mini, ta manna ta a jikin firji. Takarda ce mai kauri da tambari, tana gode wa Mista Balog bisa damuwar da ya nuna game da makomar kifin Tafkin Erie, alhali ko kifi bai ambata a wasiƙarsa ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya ce aƙalla sun rubuta sunansa daidai.

Ranar na tambaye shi, da a ce shi ke kan kujerar mulki, zai ba kamfanonin kuɗin?

Ya ce, "Ba zan bayar ba."

"Ko da Rozi za ta mutu?"

"Ko da za ta mutu. Shi ya sa nake gode wa Allah da bai ɗora ni a kujerar ba."

A watan Yuli aka kira wasunmu mu dawo. Cikin ɗari da arba'in, mu sittin muka koma. Sauran wasu sun bar garin, wasu suna nan har yau suna aikin da bai kai wancan ba. A makon da na dawo aka janye injin farfasawa daga ƙarshen layi, aka mayar da wuƙaƙen yanka. Muka tsaya muna kallon gilashi na farko a wata takwas da ya isa ƙarshe bai fashe ba. Alonzo ya loda shi a babbar mota a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai.

Da hantsi Baba Imre ya shigo da fitilar, lulluɓe da kwali. Wata bakwai tana ci. Ba wanda ya san abin da ake yi da ita, don ba a taɓa ɗibar wuta tanderu ta ƙi mutuwa ba. Wani ya ce a hure ta kawai. Baba Imre ya ce ba a hure wannan wutar. Ya cire ƙwan fitilar, ya kama lagwanin da awartaki yana ci, ya buɗe kafar leƙe ya jefa shi ciki.

"Karɓi kayanki," in ji shi.

Bayan kwana uku, ina haska gilashin safe, na ga ƙwayar iska ɗaya tak a gefe. Na tuna da lagwanin Baba Imre, amma na san abin da na karanta: a wannan zafin ɗan lagwani ba ya barin ko toka, balle alama. Na faɗa masa haka da ya zo karɓar takarda. Ya ɗaga gilashin ya duba ta taga, ya daɗe.

"Tawa ce," ya ce. "Rubuta."

Na rubuta: ɗaya.